Yadda ake tsayawa takarar kansila don kare ruwan garin da ke bakin teku

Sau uku na tsaya takarar kansila, ta farko na sha kaye, irin kayen da har yau in na tuna sai na yi dariya, biyun baya na ci, a tsakani kuma na riƙe wa wasu kamfe ɗinsu. Duk a kan abu ɗaya ne, ruwa. In garinku a bakin teku yake ai ka san zancen, ƙoramar da ke gangarawa teku ta koma baƙa ƙirin, bakin kogin da ake su yana wari duk bayan ruwan sama, fadamar da ke shanye ambaliya ana ta cike ta da ƙasa ana dasa gini. Za ka yi shekaru kana kwasar leda da robobi a gaɓa, wata rana sai ka farga cewa mutumin da ke sa hannu a takardar izinin gini, da bironsa guda ɗaya ya rushe aikinka na shekara biyar. Daga nan tunanin takara yake shigowa.

Abin da kayen farko ya koya min shi ne ba wanda zai ba ka ƙuri'a don kawai kana ƙaunar ruwa. Wanda ake zaɓa shi ne wanda ya nuna bututun da ke zubo ƙazantar da yatsa, ya faɗi wa ke da alhakin gyarawa, da kuɗin da zai ci, da inda za a samo su. Sunan kujerar da dokokin zaɓe sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ni dai zan ci gaba da cewa kansila, kuma ina cewa kai ne don sauƙin rubutu, 'yar'uwa har da ke nake.

Kayan da za ka tanada

- Dokar zaɓen yankinku da jadawalin ranaku, kwafin da hukumar zaɓe ta fitar da kanta. Kar ka dogara da abin da wani ya gaya maka.
- Dokar da ta kafa ƙaramar hukumar ko majalisar garin, wadda ta lissafa abin da take da iko a kai.
- Kasafin kuɗin garin na shekara uku baya, da bayanan zaman majalisa.
- Rajistar masu zaɓe da sakamakon zaɓe biyu ko uku da suka wuce, rumfa rumfa.
- Taswirar mazaɓa babba wadda za ka iya zane a kai. In babu a ofis, buga ta Google Maps ka haɗa da salatif, ta wadatar.
- Jadawalin cikowa da janyewar teku, ana samu kyauta a waya.
- Waya mai kyamara da ke sa kwanan wata da wuri a hoto, littafi mai kauri, takalmin roba, safar hannu, kwalaben ɗibar ruwa masu tsabta da kula mai ƙanƙara.
- Mutum ɗaya mai amana da zai riƙe kuɗi. Wannan na sa shi cikin kayan aiki da gangan.

Mataki na 1: Gano abin da kujerar take iya yi

Kafin ka gaya wa kowa har matarka ko mijinki, zauna da dokar nan ka ja layi biyu a takarda. A gefe ɗaya abin da majalisar gari ke yanke hukunci a kai, a ɗaya gefen abin da ya fi ƙarfinta. A yawancin wurare kwatoci da magudanan ruwan sama, kwasar shara, izinin gini da tsarin filaye, masai da sokawe na gidaje, wuraren sauke kwalekwale da kasafin gari suna hannun ƙaramar hukuma ko tana da baki a ciki. Amma lasisin manyan jiragen kamun kifi, yashe hanyar jirgi, haƙar mai a teku, izinin da ake ba manyan masana'antu na zubar da ruwansu, waɗannan galibi na jiha ne ko gwamnatin ƙasa.

Nan na yi kuskurena na farko. Na hau mumbari na yi alkawarin korar manyan jiragen da ke kwashe kifi, aka yi ta tafi, sai wani dattijo tsohon ma'aikaci ya ɗaga hannu ya tambaye ni da wace doka kansila zai kori jirgi. Shiru na yi. Washegari duk gari an san yaron nan bai san aikin da yake nema ba. In ka duba ka ga matsalar da ta fi damunka ba ta cikin ikon kansila, to duba ko akwai wata kujera, wasu ƙasashe suna zaɓen hukumar ruwa ko ta tashar jiragen ruwa daban, kuma irin waɗannan kujerun ba a cika rububinsu ba.

Mataki na 2: Je ka zauna a zaman majalisa

Wata shida aƙalla, ka je ka zauna a baya ka yi shiru da littafinka. Zaman gundura ne wallahi, amma a nan za ka gane wa ke magana a saurara, wa ke ɗaga hannu kawai in ya ga wane ya ɗaga, da kuma ma'aikacin da a zahiri shi ke rubuta komai. Ka nemi sanin injiniyan gari da jami'in tsabtar muhalli, ka girmama su, su suka san inda kowane bututu ya bi kuma sau da yawa sun daɗe suna rubuta takardar neman gyara ana jefawa a durowa.

A kasafi kuma abu biyu za ka duba, abin da aka ware wa magudanai da shara, da abin da aka kashe da gaske a ƙarshen shekara. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce rabin kamfe ɗinka. In an hana ka takardun, ƙasashe da yawa suna da dokar 'yancin samun bayanai, rubuta buƙata a hukumance ka ajiye kwafi mai hatimin karɓa. In babu irin dokar, nemi kansila mai ci wanda ba ya ɗasawa da shugabanni, zai ba ka har da ƙari.

Mataki na 3: Taka ruwan da ƙafarka ka tara hujja

Wannan matakin ya fi kowanne cin lokaci kuma shi ne mutane ke tsallakewa. Ruwa ba ya tsami banza, duk inda ya lalace akwai inda abin ke shigowa, aikinka ka gano wurin. Ɗauki taswira ka bi kowace ƙorama daga inda ta shigo mazaɓa har inda ta faɗa teku, kana sa alama a duk bututu, duk bakin kwata, duk bola, duk inda ake ɗibar yashi ko sare itatuwan mangurof, waɗannan bishiyoyin masu saiwa a waje da ke tsirowa cikin ruwan gishiri suna riƙe gaɓa, ƙananan kifaye kuma a cikinsu suke girma.

Ka fita lokacin da teku ya janye, lokacin ne bututun da ke ɓoye suke bayyana. A yawancin gaɓoɓi teku na cikowa sau biyu a yini, tsakaninsu kamar awa 12 da minti 25, kullum kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50, shi ya sa jadawalin yake da amfani. Janyewa mafi nisa tana zuwa ne wajen tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Gargaɗi, kar ka shiga laka kai kaɗai, kuma ka san lokacin dawowar ruwan, yana dawowa da saurin da ba ka zata ba. Bututun ruwan sama da ka ga yana zuba alhali an yi kwana uku ba a yi ruwa ba, sa masa jan biro, mai yiwuwa akwai wanda ya haɗa masai ko ruwan wanki da shi.

Ilimin da kake buƙata kaɗan ne, abu uku. Na ɗaya ƙwayoyin cuta daga bayan gida, ana auna su ta hanyar ƙirga wasu ƙwayoyin da ke cikin kashi, E. coli da enterokokai, a Amurka ma'aunin ruwan wanka na teku shi ne kar matsakaicin enterokokai ya wuce 35 a cikin mililita 100. Na biyu naitirojin da fosfaras, daga takin zamani da masai suke zuwa, su ke ciyar da gansakuka ta yi yawa, in ta mutu ta ruɓe sai ta shanye iskar oksijin ɗin ruwan, in ya sauka ƙasa da miligiram 2 a lita kifi ko ya gudu ko ya mutu. Haka ake samun mataccen yankin nan na Tekun Meziko da kogin Misisipi ke jawowa, wanda a 2017 ya kai murabba'in mil 8,776. Na uku laka da dattin da ke dushe ruwa, rana ta kasa kaiwa ga ciyawar da ke ƙasa.

Samfurin ƙwayoyin cuta ka ɗiba a kwalba mai tsabta, ka sa a ƙanƙara, ka kai lab, wato ɗakin gwaji, cikin awa 6, in ya kwana ya tashi a banza. Ka ɗiba a wuri ɗaya ranar da ba ruwa da kuma washegarin ruwan sama, bambancin shi ne labarin. Oksijin kuma da asuba ake aunawa don lokacin ya fi ƙasa, in ka auna da rana tsaka za ka ga komai lafiya lau ka yaudari kanka. In ba ka da kuɗin lab, je sashen kimiyya na jami'a ko kwaleji mafi kusa, ɗalibai na neman abin da za su yi bincike a kai. In wannan ma babu, yi faifan Secchi, abin auna yadda ruwa ya dushe, da kanka, murfin bokiti fari ka huda tsakiya ka ɗaura igiya mai alamar santimita da ɗan nauyi a ƙasa, ka riƙa saukarwa har ya ɓace maka, ka rubuta zurfin. Tun 1865 ake amfani da dabarar nan kuma har yau tana aiki. Duk mako, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, da hoto.

Kuskuren da nake gani kullum, mutum ya samu sakamako ɗaya mara kyau ya ruga Facebook ya kama sunan wani otel ko kamfani. Kar ka yi. Samfuri ɗaya ba hujja ba ne, kuma lauyansu zai cinye maka kamfe da kuɗi gaba ɗaya. Ka ce ga abin da muka auna a bakin bututu kaza ranar kaza, muna neman hukuma ta bincika daga ina yake, shi ke nan.

Mataki na 4: Matse komai ya koma alkawari uku

Yanzu kana da littafi cike da matsaloli, wajen talatin. Zaɓi uku. Kowanne ya zama yana cikin ikon kujerar, ana iya ganinsa da ido kafin wa'adi ya ƙare, kuma ka san kuɗinsa ko da a ƙiyasce daga bakin injiniya. Misali raga ko shingen tare shara a bakin manyan kwatoci da wanda zai riƙa kwashewa, don shinge ba mai kwasa ambaliya yake jawowa. Ko dokar barin tazara tsakanin sabon gini da bakin ruwa a bar ciyayi da itatuwa a wurin. Ko duba sokawe na gidajen da ke dab da ruwa tare da tallafin gyara ga marasa hali. Ko gwajin ruwa duk mako a liƙa sakamako a allo a bakin gaɓa, wannan shi ya fi arha kuma shi ya fi tayar da ƙura.

Yana da kyau ka riƙe misalan wuraren da aka yi, don za a ce maka ba zai yiwu ba. Gundumar Sarasota a jihar Fulorida ta Amurka ta yi doka a 2007 ta hana zuba takin naitirojin da fosfaras a ciyawar gidaje daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, lokacin daminarsu. A gundumar Brevard, nan Fulorida ɗin dai, bayan kifaye sun mutu birjik a ruwan Indian River Lagoon a watan Maris na 2016, a Nuwambar shekarar mutane da kansu suka kaɗa ƙuri'ar ƙara rabin senti a kan kowace dala a harajin sayayya na shekara goma don gyaran ruwan, da kwamitin 'yan gari mai sa ido a kan kuɗin. Birnin Baltimore kuma tun 2014 akwai wata na'ura mai juyawa da ƙarfin ruwa da hasken rana a bakin ƙoramar Jones Falls tana kwashe shara kafin ta shiga tashar jiragen. Ba cewa na yi ka kwafo su ba, kowane gari da aljihunsa, amma mai cewa mutane ba za su taɓa yarda su biya don ruwa ba sai ka ba shi labarin Brevard.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, kar ka yi saurin alkawarin katangar siminti a gaɓa don ana tafa mata. Igiyar ruwa in ta daki katanga tana dawowa ta kwashe yashin gabanta, kuma zaizayar takan koma kan maƙwabcin da katangar ta ƙare a wajensa. Akwai inda ba makawa sai ita, amma injiniyan gaɓa ne zai faɗa, ba mai neman ƙuri'a ba.

Mataki na 5: Fom da takardu

Nan ba dabara, bin ƙa'ida ne kawai. Shekaru, zama a mazaɓa na tsawon da doka ta ce, sunanka a rajista, sa hannun masu tsayar da kai, kuɗin fom in akwai, bayyana kadara in ana buƙata. In ma'aikacin gwamnati ne kai duba ko sai ka ajiye aiki da kuma yaushe. In an ce sa hannu hamsin kawo tamanin, don za a soke na wanda ba ya cikin rajista ko ya sa wa wani ɗan takarar. Ka miƙa mako guda kafin a rufe, ba a fafe gora ranar tafiya, na ga wanda ya fi ni cancanta nesa ba kusa ba ya rasa takara saboda hoto ɗaya da ba a buga wa hatimi ba ranar ƙarshe da yamma.

Batun jam'iyya, wasu ƙasashe ba a tsayawa sai da ita, wasu ana tsayawa indifenda, wasu kuma zaɓen gari ba ruwansa da jam'iyya sam. In dole sai da ita, to zaɓen fidda gwani shi ne zaɓenka na gaskiya, ka shiga da wuri ka san masu zaɓen ɗaya bayan ɗaya, kuma ka tambayi kanka tun yanzu ko masu ɗaukar nauyin jam'iyyar su ne masu cike fadamar.

Mataki na 6: Lissafin ƙuri'a

Ba duk gari kake nema ba. A ce mazaɓa na da mutum 6,000 a rajista, zaɓukan baya kuma kashi 40 cikin ɗari ke fitowa, mutum 2,400 ke nan. In ku biyu ne kana buƙatar 1,201, sai ka sa burin 1,400 don wasu za su ce maka e su kwana a gida. In ku huɗu ne kuma mai rinjaye ke ci, abin da kake nema ya ragu sosai. Raba lambar nan rumfa rumfa ka rubuta a taswira. Zaɓen ƙananan hukumomi mutane ba sa fitowa sosai, wannan abin takaici ne amma a wajenka dama ce, mutum ɗari biyu da ka fito da su da kanka suna iya juya sakamako.

Mataki na 7: Tawaga da kuɗi

Mutum biyar sun isa a fara, mai tsara kamfe, ma'aji, mai riƙe rajista da lissafin gidajen da aka shiga, mai waya da soshiyal midiya, da wani dattijo ko dattijuwa da gari ke jin kunyarsa. Kar ka riƙe kuɗi da kanka, kar ka haɗa da asusunka, ko nawa ne ya shigo a rubuta suna da rana, a ajiye rasit, don yawancin dokoki suna da iyakar abin da za a karɓa da ranar miƙa rahoto.

Za a zo maka da kuɗi daga wanda ke da takardar neman izinin gini a bakin ruwa, ba zai zo da kansa ba, abokin abokinka zai aiko. In ka karɓa ka gama, ko bai taɓa neman komai ba ranar da maganarsa ta zo majalisa bakinka zai yi nauyi. Gara ƙananan gudummawa daga mutum ɗari, wanda ya ba ka ɗan abin da yake da shi zai fito ranar zaɓe ya kare kuɗinsa. In kuɗin ba su da yawa, bar manyan alluna, buga ƙaramar takarda mai hoton bututun nan da alkawura ukun da lambar waya, sauran a kashe a ranar zaɓe.

Mataki na 8: Gida gida

Fosta ba ta zaɓe. Ni abin da ya ci min zaɓe na biyu ƙafa ce, awa biyu zuwa uku kullum da yamma, wata huɗu. Ka ƙwanƙwasa, ka gaisa, ka faɗi sunanka da abin da kake nema a numfashi ɗaya, sannan ka yi tambaya, in an yi ruwan sama ina ruwan layin nan yake bi? Daga nan ka rufe bakinka. Za ka ji abin da ba ya cikin kowace taswira. Kana fita ka ba gidan maki daga 1 zuwa 5, ɗaya naka ne tabbas, biyar ba zai taɓa yi ba, lokacinka na masu 2 da 3 ne. Kar ka tsaya musu da mai 5, minti ashirin ɗin nan gida huɗu ne.

Maganar kuma ka sauya ta daidai da mai sauraro ba tare da ka sauya gaskiyar ba. Masunci ka yi masa zancen nisan da yake yi yanzu kafin ya samu kifi da man da yake ƙonawa. Uwa ka yi mata zancen gudawa da ƙaiƙayin da yara ke kwasowa in sun yi wanka bayan ruwan sama. Mai otel da mai gidan abinci ka tuna musu tsibirin Boracay na Filifin, wanda gwamnati ta rufe wa masu yawon buɗe ido na wata shida cur a 2018 saboda ƙazantar da ake zubawa a teku, kowa ya zauna ba ciniki. Mai gida a unguwar da ke nesa da gaɓa, wanda zai ce ina ruwana, nuna masa cewa kwatar da ta toshe a ƙasa ita ke maido ruwa ɗakinsa. Kalmomin taron bita irin su ɗorewar muhalli ka bar su a gida, ba wanda ya taɓa fita zaɓe saboda su.

Masunta da masu kwalekwale ka je musu da wuri, kuma ka je da kunne. Suna ɗari-ɗari da duk mai zancen kare ruwa don sun saba ƙarshen zancen shi ne a hana su sana'a. In ka nuna musu cewa bututu da masu cike fadama kake nufi, su za su ɗauke ka a jirgi su kai ka inda ba ka sani ba. Haidar El Ali na Senegal da mutanen ƙauyukan Kasamas ya yi aikin dasa miliyoyin mangurof kafin a naɗa shi ministan muhalli a 2012, da mutanen ruwan ya fara.

Ka shirya fita gani da ido sau ɗaya ko biyu lokacin janyewar teku, ka gayyaci 'yan jarida da sauran 'yan takara ma, gani ya kori ji. In kana son haɗawa da kwasar shara, Asabar ta uku a watan Satumba ake yin ta duniya wadda aka fara tun 1986, amma ku ƙirga abin da kuka kwasa iri iri ku rubuta, lissafin ya fi hoton amfani.

Mataki na 9: Sukar da za ka sha

Uku ne, ba sa canzawa. Za a ce kai maƙiyin ci gaba ne, za a ce za ka ƙara haraji, za a ce ba ka san komai ba sai ruwa. Na farko ka amsa da cewa gini kake so a yi inda ruwa ba zai ci shi ba, ka kawo lissafin abin da gari ya kashe a gyaran ambaliyar bara daga cikin kasafin nan da ka karanta. Na biyu kar ka yi ƙarya, in abu zai ci kuɗi ka faɗi nawa ne da inda za a ɗebo, ko daga kuɗin da aka ware ba a kashe ba, ko tallafin jiha da na ƙasa, in yankinku na cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta 1971, ta kare fadamu da dausayi, ta yi wa rajista wannan ma ƙofa ce ta neman tallafi. Na ukun kuwa yana da ɗan gaskiya, don haka ka shirya amsa mai ma'ana a kan hanya, fitilun titi, kasuwa da tsaro, kansila na kowa ne. In an tambaye ka abin da ba ka da amsarsa a muhawara ka ce zan bincika in dawo, kuma ka dawo ɗin.

Mataki na 10: Makon ƙarshe da ranar zaɓe

Ka daina neman sababbin mutane. Ɗauko jerin masu 1 da 2, a kira kowa, a tabbatar ya san rumfarsa da lokacin buɗewa da katin da zai riƙe. Duba jadawalin teku na ranar, in lokacin fita su ya faɗo da safe to masuntanka suna ruwa, sai ku yi magana tun kafin ranar su fara zaɓe ko su dawo da wuri, wannan ƙaramin abu ya taɓa cin min rumfa guda. Kowace rumfa ka sa ejan da ya san doka, da waya mai caji, ba ya tashi sai an ƙirga an sa hannu ya karɓi kwafin sakamako. Ka san ranar da doka ta ce a daina kamfe, da ko an yarda ɗan takara ya yi jigilar masu zaɓe, wasu wurare laifi ne. Sayen ƙuri'a kuwa ko an ce kowa na yi, bari.

Mataki na 11: Bayan an faɗi sakamako

In ka faɗi, kira wanda ya ci ka taya shi murna, bayan mako biyu ka kai masa kwafin littafin gwajin ruwanka. Nemi kujera a kwamitin tsare-tsare ko na muhalli in ana naɗa 'yan gari, ci gaba da awon duk mako, kuma ka adana jerin gidajen nan da makinsu, da shi za ka fara zagaye na gaba.

In ka ci, ka tuna ƙuri'arka ɗaya ce a cikin majalisa. A majalisa mai mutum tara sai ka samu huɗu sun bi ka kafin ko kwalbati ɗaya ya motsu, don haka watan farko na shan shayi ne da abokan aiki ɗaya bayan ɗaya, kana jin abin da kowa ke so a mazaɓarsa, wanda ke neman gyaran hanya ka nuna masa hanyar ba za ta yi ƙarko ba in ba magudana. Nemi shiga kwamitin kasafi ko na ayyuka, can ake yanka, kwamitin muhalli sau da yawa suna ne kawai. Fara da mafi sauƙin alkawuran ukun, allon sakamakon gwaji a bakin gaɓa, don mutane su ga wani abu cikin wata uku. Ka gano watan da ake fara rubuta daftarin kasafi, yawanci watanni kafin a kawo shi zaure, ka kai wa ma'aikatan buƙatarka a rubuce da ƙiyasin injiniya tun lokacin. In kana da fili ko jirgi ko wani ɗan'uwa da maganar da ake tattaunawa ta shafa, faɗa a fili a rubuta, ka fita daga zauren har a gama ƙuri'a. Duk wata uku kuma ka koma layukan da ka bi da ƙafa, da kwafin sakamakon awon watannin a hannunka, ko ya yi kyau ko bai yi ba, ka sake tambayarsu inda ruwan yake bi yanzu.